Ƙaramin Tallafi, Tambaya Guda: Yadda Matashin Ma'aikacin Lafiya Zai Nemi Kuɗin Binciken Gwaji

Laccar da aka gabatar a taron matasan ma'aikatan lafiya na al'ummar Hausawan Duwala, a unguwar Ndogpassi



     Likitoci, ma'aikatan jinya, ungozomai, masu haɗa magani, masu aikin ɗakin gwaji, da ɗalibanmu na Jami'ar Duwala, waɗanda suka taso daga New Bell da Nylon, da waɗanda suka haye gadar Wouri daga Bonaberi, da waɗanda suka sha cunkoson Ndokoti kafin su iso, ina yi wa kowa sannu da zuwa. 

An nemi in yi magana a kan yadda ma'aikacin lafiya da ke farkon tafiyarsa zai nemi ƙaramin tallafi domin ya gudanar da binciken gwaji. Duk abin da zan faɗa a kan magana ɗaya ya ginu: irin wannan tallafi yakan faɗa hannun mai ƙaramar tambaya bayyananniya, wanda ya iya nuna cewa shi ne ya fi kowa cancantar amsa ta. To, a kan lafiyar mutanen unguwanninmu, wa ya fi ku wannan cancanta? Zan kasa jawabin gida shida.

1. Nawa ne kuɗin, kuma me za su iya yi?

Bari mu fara da adadi, don kada wani ya tafi gida da mafarkin mota. Akwai wata tsohuwar ƙungiya a Landan ta masana cututtukan ƙasashe masu zafi, wadda aka kafa a 1907, ana kiran ta RSTMH. Tana ba masu bincike 'yan farkon tafiya tallafin da bai wuce fam 5,000 ba, don aikin da za a gama cikin shekara guda. A kuɗinmu, ya kusa sefa miliyan 4. Akwai shirin TDR da ke ƙarƙashin inuwar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda yakan haɗa kai da ofishin hukumar na Afirka da ke Brazzaville ya ba da tallafin da yakan kai dala 15,000 a kan cututtukan da suka fi addabar talakawa. Akwai kuma asusun AREF, wanda Farfesa Tumani Corrah ɗan ƙasar Gambiya ya jagoranci kafawa a 2015. Shi wannan asusu babban aikinsa horar da matasan Afirka ne, har da koya musu rubuta takardar neman tallafi. Ƙa'idojin waɗannan wurare da ranakun rufe karɓar takardu sukan canja shekara-shekara, don haka sanarwar bana za ku karanta, daga farko har ƙarshe.

Na ga wasu sun yi murmushi da na ce miliyan 4. Kuna cewa a ranku, me wannan zai tsinana a harkar bincike? Ku saurari wannan tarihi. A 1957 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, ya lura da yara masu wani irin ƙari a muƙamuƙi. Tallafin da ya fara samu fam 25 ne kacal. Da shi ya buga takardu masu ɗauke da hoton ciwon, ya aika wa asibitoci a sassan Afirka da tambaya ɗaya: kuna ganin irin wannan a wajenku? Amsoshin da suka dawo su suka ba shi hujjar neman ƙari. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka yi tafiyar mako 10 a tsohuwar mota, kusan kilomita 16,000, suna bin asibitoci suna duba rajista. Taswirar da ta fito ta nuna cewa ciwon ya fi yawa a wurare masu zafi da yawan ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wani masani, Anthony Epstein, da ya saurari laccar Burkitt a Landan ya nemi a riƙa aiko masa da samfurin ƙarin, kuma a 1964 shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan'adam. Wannan ƙari na muƙamuƙi yana cikin sankarar da aka fi gani a yaran Kamaru, kuma ana warkar da da yawa daga cikinsu idan an kai su da wuri. Fam 25 ne ya buɗe wannan hanya, saboda tambayar da aka kashe su a kanta tsararriya ce.

2. Mene ne binciken gwaji?

Jikokin fatake ne da yawanmu, don haka wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Wanda zai fara fataucin goro zuwa kasuwar da bai sani ba, ai ba ya cika mota. Huhu ɗaya yake ɗauka, ya ga kwana nawa hanyar ke ci, nawa ake biya a shingaye, goron zai isa da kyansa ko zai lalace, mutanen wurin fari suke so ko ja. Ribar wannan tafiya ta farko ita ce sanin hanya.

Haka binciken gwaji yake. Tambayoyin da yake amsawa su ne: mutane za su yarda su shiga? Cikin waɗanda aka tuntuɓa, nawa suka amince, nawa suka ƙi, kuma me ya sa? Sun fahimci tambayoyin kamar yadda aka nufa? Idan an ce su dawo bayan wata guda, nawa ke dawowa? Nawa ake kashewa a kan kowane mutum? Na'urar za ta jure zafi da laima da ɗaukewar wuta? Daga waɗannan amsoshi ne masanin ƙididdiga zai lissafa mutum nawa ake bukata a babban binciken da zai biyo baya.

Ga inda matasa da yawa ke faɗuwa. Mutum ya nemi kuɗin da za su ishe shi mutum 60, amma ya yi alƙawarin tabbatar da cewa wani magani yana aiki. Masu tantancewa sun san mutum 60 ba su isa wannan hukunci ba, sai su ajiye takardar tun a shafin farko. Ka yi alƙawarin abin da kuɗin za su iya ɗauka. Kuma tun kafin ka fara, ka rubuta ma'aunin da za ka yi wa kanka hukunci da shi: idan kashi kaza suka amince, za a ci gaba, idan ba su kai ba, za a gyara tsarin ko a bar shi. Binciken gwajin da ya nuna cewa hanya ba ta ɓullewa bai faɗi ba, ya ceci miliyoyin da za a zuba a banza.

3. A ina za ka samo tambayar?

Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. New Bell tun wajen 1914, a ƙarshen mulkin Jamus, ta zama masaukin baƙi, kuma a nan iyayenmu suka kafa unguwarsu. Yau jikokinsu sun bazu har nan Ndogpassi. Amma takardun tambayoyin lafiya da ke yawo a garin nan da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta su. Tsohuwar da ba ta jin ko ɗaya daga ciki, wa ya ji ta bakinta? Gidan da namiji baƙo ba ya shiga, wa ya ƙirga matansa? Wanda ba a tambaye shi ba, ba ya cikin lissafi, kuma da lissafi ake tsara aikin lafiya.

Tambayoyin suna nan a ƙofar gidajenmu. A 2004 kwalara ta ɓarke a Duwala, ta faro daga Bepanda ta shiga New Bell da Nylon, ta kama kimanin mutum 5,000, kuma daga ƙarshen 2021 ta sake dawowa ƙasar. Mun san rijiyoyinmu ba su da zurfi, mun san yadda ruwan Yuli da Agusta ke haɗa kwata da rijiya. To, gida nawa ne a layinku ke sa wa ruwan sha magani, kuma waɗanda ba sa sawa, tsada ce ta hana su ko ɗanɗano? A ranar 22 ga Janairu 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta shigar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum, aka fara da gundumomin lafiya 42. Allurar sau huɗu ake yin ta. Me iyayenmu mata suka ji game da ita, kuma daga bakin wa? Masu ciwon suga da ke azumin Ramadan, yaya suke yi da maganinsu tsakanin sahur da buɗa-baki, kuma wa ke ba su shawara? 'Yan bensikin, wato 'yan acaɓa, da ke cika ɗakin haɗari na asibitin Laquintinie, nawa ne cikinsu ke komawa a duba raunin bayan sallama? Masu shirin aure, nawa ne ke gwajin sikila kafin a sa rana, ba bayan an gama sayen kayan ɗaki ba?

Kowace daga cikin waɗannan sai an ƙara sassaƙe ta. Bari in ɗauki ɗaya in nuna muku. Binciken da aka yi a biranen Kamaru ya nuna kusan manya uku cikin goma na da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Idan ka rubuta cewa za ka yi bincike a kan hawan jini a Duwala, ba ka ce komai ba. Amma a ce ka rubuta haka: cikin wata uku za mu auna jinin manya a ƙofar masallatai biyu na New Bell bayan sallar Juma'a, da makarantun Islamiyya biyu na matan aure, duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a zama biyu za mu ba shi takarda mai lamba zuwa asibitin gunduma, bayan kwana 30 za mu duba nawa suka je, mu kuma tambayi waɗanda ba su je ba dalili. Kun ga bambanci? Akwai wuri, akwai lokaci, akwai abin ƙirgawa, kuma mai karatu ya san abin da zai samu da kuɗinsa.

'Yan'uwana mata, ku saurara da kyau. Ungozomar da ke jin Hausa da Fulatanci, wadda ake yi wa shimfiɗa a tsakar gida, tana da abin da babban farfesa daga Turai ba zai saya da kuɗi ba. Ku rubuta wannan a takardarku a fili, domin hujja ce. Ku kuma da kuka kammala karatun likita, kundin da kuka kare a shekarar ƙarshe yana ina? Idan yana cikin akwati, ku fito da shi. Alƙaluman da ke ciki su ne shaidarku ta farko cewa matsalar tana nan kuma kun taɓa riƙe aiki har ƙarshe.

4. Rubuta takardar da kasafin kuɗi

Ka sa a ranka cewa mai tantancewa mutum ne mai aikin kansa, an jibga masa takardu masu yawa, watakila da dare yake karanta taka. Ka tausaya masa. Sakin layi na farko ya gaya masa matsalar, da abin da ba a sani ba tukuna, da abin da za ka yi. Manufa ɗaya babba, ƙanana biyu ko uku. Sannan hanyar aiki dalla-dalla: su wa za a ɗauka, su wa za a bari, ta yaya za a same su, wa zai yi awo, ina za a adana bayanai, da wane lissafi za a tace su. Sai jadawalin wata-wata, wanda ya san da azumi da sallah da damina. Idan sun ce kalma 300, kada ka kai 301. Sau da yawa shafin intanet ɗin ma ba zai karɓa ba.

Kasafin kuɗi shi ne inda ake gane wanda ya san aikinsa. Kowane layi ya koma ga wani aiki da ka ambata: na'urar awo da batiranta, kuɗin mota na masu tattara bayanai, fassarar takardu zuwa Hausa da sake mayar da su don a tabbatar ma'ana ba ta karkace ba, katin waya, kuɗin kwamitin ɗa'a, ladan banki, da taron mayar wa jama'a sakamako. Ka je kasuwa ka tambayo farashi na gaskiya. Ka tuna sefa da yuro aka ɗaure ta, yuro ɗaya sefa 655.957, amma fam da dala hawa da sauka suke yi, don haka ka rubuta canjin da ka yi lissafi da shi. Ka kuma duba abin da mai tallafin ya ce ba ya biya. Da yawansu ba sa biyan albashin mai nema. Wanda ya zuba rabin kuɗin a kan kwamfuta da tikitin jirgi ya gaya wa masu tantancewa abin da ya kawo shi.

Kana bukatar jagora, malami ko babban likita da ya taɓa wallafa bincike, wanda zai karanta takardarka da jan biro ya kuma sa maka hannu. Ka je masa da shafi ɗaya a rubuce, wata biyu kafin ranar rufewa, ba ana gobe ba. Kana kuma bukatar cibiyar da za ta tsaya maka, jami'a ko asibiti, domin galibi ta asusunta kuɗin ke bi. Yawancin waɗannan takardu da Ingilishi ake cike su, mu kuwa da Faransanci akasarinmu muka yi karatu. Wannan ba abin tsoro ba ne: Buea, inda ake jin Ingilishi, tana nan kusa, kuma asibitocin garin nan cike suke da abokan aiki masu jin Ingilishi. Ka tsara tunaninka da harshen da ka fi ƙwarewa, ka juya shi da jimloli gajeru, ka ba wani ya duba. Gargaɗi ɗaya: in ban da kuɗin zama mamba da wasu ƙungiyoyi ke shardantawa a fili, duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a sakar maka tallafi ɗan damfara ne.

5. Izini da amana

A nan zan ɗan daɗe, don shi ya fi damuna. A 2004 aka fara wani gwaji a nan Duwala, na maganin tenofobir, a kan mata kimanin 400 da ke cikin haɗarin kamuwa da ƙanjamau, don a ga ko zai kare su. A Fabrairun 2005 gwamnati ta dakatar da shi. Cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi akwai cewa ba a yi wa matan cikakken bayani da harshen da suke ji ba, kuma ba a tabbatar da kulawar da za a ba wadda ta kamu a lokacin gwajin ba. Shekaru bayan haka bincike a wasu ƙasashe ya nuna cewa magungunan da ke ɗauke da wannan sinadari suna ba da kariya. Tunanin mai kyau ne, rashin yarda ya tsayar da shi.

Mu Hausawa kuma muna da namu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi tsohon. Yara 11 suka rasu a rukunan biyu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan labari na cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka rabu da ita, har da Kamaru. Yaran da suka shanye a lokacin ba su san Trovan ba, amma su suka biya.

Saboda haka, ɗana, 'yata, idan ka shiga gida da takardar tambayoyi, ba sunanka kaɗai ka ɗauko ba. Tun 2022 Kamaru tana da doka ta musamman a kan binciken lafiya da ya shafi ɗan'adam. Ba a fara aiki sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na ƙasa da ke Yawunde ko na yanki ko na jami'a, sannan da izinin hukumomin lafiya da na shugaban asibitin da za a yi aiki a ciki. Wannan yakan ci makonni, wani lokaci watanni. Ka sa shi cikin jadawali. Bayan izinin hukuma akwai na mai unguwa da liman da maigida. Amma ku riƙe wannan: yardar mai unguwa tana buɗe ƙofa ne kawai, ba ta maye yardar mutum shi kansa. Mace ita za ta ce ta yarda, da bakinta, bayan an yi mata bayani da Hausa, an kuma gaya mata cewa tana iya fasawa ko yaushe ba tare da ta rasa kulawar asibiti ba. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa gaban shaidar da shi ya zaɓa. Kuma sirrin mutane, a unguwar da kowa ya san kowa, ka riƙe shi da hannu biyu: lamba a kan takarda, ba suna ba.

6. Bayan sakamako ya fito

Masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, don haka mai yiwuwa ne a ƙi takardarka ta farko. Babu babban mai binciken da ba a taɓa mayar masa da takarda ba. Idan sun aiko da dalilai, ka kai wa jagoranka ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ka gyara, ka sake turawa can ko wani wuri. Mai nema yana tare da samu.

Idan kuwa Allah ya sa ka dace, ka sani amana ka karɓa. Za a zo maka da bukatu, na biki da na asibiti da na haya, kuma duk na gaskiya ne, amma kuɗin ba naka ba ne. Ka ajiye rasit na ko da sefa 100. Idan aiki ya karkace, ka sanar da masu tallafin tun da wuri, kafin ka juya kuɗi daga wani layi zuwa wani. Ka miƙa rahoto a kan lokaci, domin wanda ya ci amanar miliyan 4 ya rufe ƙofa ga ƙannensa da ke tafe. Ka wallafa abin da ka samu ko da bai zo yadda kake fata ba, ka kai kwafi ga shugaban gundumar lafiya. Sannan ka koma ƙofar masallacin nan da makarantar nan, ka gaya wa mutane da Hausa abin da aka gano. Su suka ba da lokacinsu da jininsu, su suka fi kowa haƙƙin ji. Da wannan rahoto da wannan wallafa za ka nemi tallafi na gaba, wanda ya fi wannan girma.

Kafin in zauna, ina da roƙo biyu. Iyayenmu 'yan kasuwa, kun gina masallatai da makarantu a garin nan, Allah ya saka muku. Ku duba yiwuwar kafa ɗan asusu da zai ɗauki nauyin binciken matashi ɗaya ko biyu a shekara, a ƙarƙashin kulawar malaman jami'a, domin wanda ya zo da sakamakon farko a hannu ya fi saurin samun tallafin waje. Ku kuma matasa, kowa ya rubuta shafi ɗaya cikin wannan wata: tambayarsa, wurin da zai yi, mutanen da zai tambaya, da abin da zai ƙirga. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku karanta wa juna, ku faɗa wa juna gaskiya.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa wa ilimin 'ya'yanmu albarka. Shugaban taro, na miƙa maka. Duk mai tambaya ko gyara, ƙofa a buɗe take, kuma zan so mu fara da ɓangaren 'yan'uwa mata.